Gilashi Ba Ya Yankan Jarumi

Muryarsa ta fara ji kafin ta ga fuskarsa.

Tana durƙushe a sashen gashin ƙashi na asibiti, tana ɗaure wa wata dattijuwa igiyar takalmi, sai aka yi sallama daga bayanta.

"Sista, don Allah nan ne ake kawo masu shanyewar ɓarin jiki?"

Hannunta ya tsaya cak. Ta san muryar nan kamar yadda ta san ƙarar ƙofar gidansu. Ita ce take sulalowa kullum daga ɗakin Yayanta, ƙasa-ƙasa, tana cewa, "Yau ko ni ko kai!"

Ta waiwaya. Ta zaci za ta ga wani ƙato mai faɗin ƙirji, sai ta ga siririn saurayi mai tabarau, yana turo mahaifiyarsa a keken asibiti, jakar tsohuwar rataye a wuyansa.

"Kai ne mai fassara finafinan Sarkin Ƙafa," in ji ta.

Ya yi murmushin wanda ya saba a gane shi. "An kama ni. Mai Murya ake ce min. Ashe kina kallo?"

"Allah ya kiyaye." Ta haɗe rai, ta karɓi keken daga hannunsa. "Sannu Mama. Mu je ciki."

Sarkin Ƙafa jarumin finafinan faɗa ne na wata ƙasa mai nisa. Babu wanda ya damu da sunansa na gaskiya, laƙabin da 'yan kallo suka ba shi ya wadatar. Finafinansa duk hanyarsu ɗaya: a kashe masa malami ko ƙane, ya ɓace cikin duwatsu yana dukan itace har ƙafarsa ta yi kanta, ya dawo ya share maƙiya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya baya ya tafi, kiɗa na tashi. Mai Murya ne yake juya maganganun zuwa Hausa, yana cusa barkwancinsa a ciki, har yara suka haddace.

A gida Auta ake kiranta, kuma tana da dalilinta na ƙin Sarkin Ƙafa. Babansu mai gyaran keken ɗinki ne. Wata shekara maƙwabcin shagonsa ya mare shi a gaban jama'a kan rigimar wurin ajiye kaya. Yaya a lokacin saurayi ne mai ji da ƙarfi, ba fim ɗin Sarkin Ƙafa da yake wuce shi. Ya ɗauki guntun ƙarfe ya nufi gidan maƙwabcin. Ya tarar da su da yawa. Ɗan maƙwabcin ya rasa ido ɗaya, shi kuma aka hankaɗo shi daga matakalar bene. Tun ranar bai sake taka ƙasa ba.

Baba ya fitar da talabijin daga gidan, ya ce ba a ƙara kallon fim a ƙarƙashin rufinsa. Yaya ya koma kallo a waya, a ɓoye. Auta kuwa saboda shi ta karanci aikin da take yi.

Mai Murya bai san ko ɗaya ba. Shi dai yana kawo Innarsa a kan lokaci, ya cire mata takalmi, ya tsaya a gefe yana canja murya iri-iri don ta ɗaga hannun da ya shanye. Wani lokaci ya yi muryar tsohon malamin faɗa, "Ɗaga, ɗalibata, ɗaga!" Tsohuwar ta yi dariya da rabin baki, hannun ya ɗan motsa. Auta takan juya baya don kada ya ga nata murmushin.

Rannan suna jiran Inna ta huta, ya ce, "Sista, ki faɗa min tsakani da Allah, me Sarkin Ƙafa ya yi miki?"

Ta ci gaba da naɗe tawul. "Mutanen da yake jefowa daga bene, ina suke zuwa?"

"Yaran mugun? Ai shi ke nan, an gama da su."

"Nan ake kawo su. Ni nake koya musu zama a kan gado. Ka taɓa ganin an nuna uwar ɗaya daga cikinsu? Ko an nuna jarumin a gaban alƙali? Fim yana ƙarewa daidai inda wahalar take farawa."

Ya cire tabarau ya goge. "Gaskiyarki. Kuma labaran ma duk ɗaya ne, in kin ga ɗaya kin ga goma. Matar jarumi ba ta da aiki sai ta mutu da wuri don ya sami dalilin fushi. Na sani." Ya mayar da tabaran. "Amma ki dube ni. Ina yaro ni ne abin dukan 'yan ajinmu. In na shiga gidan kallo na ga an taka mutum an taka, sannan ya miƙe, sai in ji numfashina ya dawo. Masu cika bencin gidan kallo, Sista, kowa akwai inda aka taka shi, kuma ba shi da wurin kai ƙara. A can kaɗai suke ganin azzalumi ya faɗi. Ga shi mutumin ya iya, wallahi. In ya juya a iska sai ki ce rawa yake."

Maganar ta bi ta har gida.

Lambarta ya karɓa don tambayar motsa jikin Inna. Ba a jima ba saƙonnin nasa suka canja hanya.

"Likitata, yau Inna ta riƙe kofi da kanta. Rabin shayin a rigata ya ƙare, ban taɓa murnar ɓacin riga irin yau ba. Na gode."

"Ni ba likita ba ce. Ka ci gaba da motsa mata yatsun safe da yamma."

"A wurina ke likita ce. Akwai wani mara lafiyar ma a gidanmu, ɓarin zuciyarsa ne ya shanye tun ranar da aka harare shi a asibiti."

"Sarkin surutu. Wannan ba sashenmu ba ne."

"To a tura ni sashen da ya dace. Zan bi layi."

Ta karanta wannan na ƙarshen sau da dama a cikin motar haya, tana rufe baki da gefen mayafi.

Wata yamma suna zaune a bencin harabar asibiti ta ba shi labarin Yaya, abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa a wurin aiki ba. Da ta gama ya ce, "Kuma muryata yake ji kullum?"

"Kullum."

"Likitata, ban san ko in ji daɗi ko in ji kunya ba."

"Ni ma ban sani ba," in ji ta. A ranar ta tabbatar wa kanta tana son sa.

Umma ta fara gaya wa, Umma ta kai wa Baba. Baba ya kira ta shago. Yana zaune a tsakiyar kawunan kekuna, hannunsa duk baƙin mai, bai ɗago ba.

"Auta, duk mazan duniya sun ƙare ne?"

"Baba, mutumin kirki ne. Ka ga yadda yake kula da mahaifiyarsa."

"Ban ce ba ya kula da uwarsa ba. Sana'arsa ita ce ya zuga 'ya'yan mutane su ɗauki ƙarfe. Shi yana ɗaki da makirufo, namu suna kan keken guragu." Ya ajiye sukudireba. "Ba zan yi miki dole ba, ban taɓa yi ba. Amma ba da bakina ba. Ga ɗan kawunki nan, yaro mai natsuwa, kin bar shi yana ta zarya."

Ɗan kawun nata shi ne Mai Kemis. Ya daɗe yana zuwa gidan da sunan kawo wa Yaya magani, yana zama ya fi na kawo magani. Auta ba ta taɓa jin komai a kansa ba sai zumunci. Da labarin Mai Murya ya isa kunnensa, sai ma ya yi mata fatan alheri.

Bayan 'yan kwanaki, tana hutun rana a wurin aiki, saƙon Mai Kemis ya shigo da guntun bidiyo.

"Ƙanwata, ba don in ɓata miki rai ba. Sabon aikin mutuminki ne, an ce wannan makon ya fito. Na tura wa Baba ma."

Ta kunna. Sarkin Ƙafa ya doki wani ya gangaro daga matakala, ya faɗi ta baya. Sai muryar nan da take so ta tashi da dariya: "Shi ke nan, a je a auna masa keken guragu! Daga yau sai dai a tura ka!"

Wannan makon. Bayan ta zauna a bencin can ta kwance masa ciwon gidansu. Ta rubuta wa Mai Murya:

"Na ba ka amanar gidanmu, ka kai situdiyo ka mai da ita abin dariya. Kada ka sake kirana."

Amsarsa ta zo nan take.

"Wallahi tsoho ne, tun kafin in san ki. Amma bakina ne, ba zan ce ba ni ba ne. Likitata, ki bar ni in zo in yi miki bayani."

Ta kashe wayar. Ta roƙi abokiyar aikinta ta karɓi Inna. In ta hango su a baranda sai ta shige ɗakin ajiye kaya. A gida Baba bai ce mata "na gaya miki" ba, kuma shirun nasa ya fi maganar ciwo. Mai Kemis ya ƙara yawan zuwa, har da sabon turare.

Ana cikin haka, wata safiya abokiyar aikinta ta shigo da sauri. "Ki zo ɗakin gaggawa. Mutuminki ne."

Ta tarar da shi zaune a bakin gado, tabarau babu, hannun dama naɗe da bandeji, jini ya ɓata gaban rigarsa. Likita ya ce gilashi ya tsinka jijiyoyin yatsu, sai an shiga da shi tiyata.

"Me ka yi?" in ji ta.

Bai iya kallonta ba. "Abokaina na situdiyo ne suka gano wanda ya tura miki bidiyon. Suka yi ta cewa, kai da kake koya wa gari ramuwa, a yi maka haka ka zauna? Na je kemis ɗin. Na shaƙe masa wuyan riga, na ɗaga hannu. Sai na ga mahaifiyarsa zaune a bayan kanta, tana kallona. Hannun ya riga ya tafi. Na sauke shi a kan gilashin kantar."

"Ka rama ke nan? Ka huce?"

"A fim gilashi ba ya yankan jarumi," ya ce, yana ƙoƙarin dariya, ta ƙi fitowa. "Ba kiɗa, Likitata. Sai tsohuwa tana salati, da ni ina ɗigar da jini a kan maganin tarin yara."

"Duk abin da Baba ya faɗa a kanka, yau ka sa masa hannu." Hawaye suka zubo mata, ta share da ƙarfi. "Na ga wannan fim ɗin sau ɗaya a gidanmu. Ba zan sake zama in kalle shi ba."

Ta fita, ta bar shi da hannunsa a cinya.

Washegari da safe tana ɗakin Yaya, tana lanƙwasa masa gwiwoyi kamar kullum kafin ta tafi aiki. Ya daɗe yana kallon kumburin idonta.

"Bidiyon nan da ake ta kuka a kai," ya ce, "shekara da shekaru yana wayata. Tsohon fim ne. Mai Kemis ya sani, don a nan ɗakin na taɓa nuna masa."

Ta saki ƙafar tasa a hankali. "Ka san da shi? Kuma kake kallo?"

"Har dariya na yi. To me zan yi, Auta? In na kunna, akwai mutum ɗaya a duniya da yake miƙewa a madadina. Na san ƙarya ne, na fi kowa sani. Ni ne wanda ake jefowa daga bene, ba jarumin ba." Ya yi wani murmushi mai ɗaci. "Amma na gaji. Kowa a gidan nan yana amfani da ƙafafuna. Baba ya hana dariya da su, Umma tana kuka da su, Mai Kemis yana neman aure da su, ke kuma kina korar wanda kike so da su. Ni kaɗai ne ba sa yi wa aikin komai."

"Yaya..."

"Kira min Baba kafin ya fita."

Ba ta ji abin da suka tattauna ba. Ta dai ji muryar Yaya ta ɗaga, abin da ba a taɓa yi ba a gidan. Baba ya fito idonsa ja, ya ce, "Ɗauko mayafinki. Ki kai ni wurin yaron nan."

Mai Murya yana kwance bayan tiyata, Inna na zaune a gefensa. Ganin Baba ya sa ya yunƙura zai sauko, Baba ya ɗaga masa hannu.

"An ce ka je duka."

"Na je, Baba."

"Ka doke shi?"

"Na ɗaga hannu. Gilashi na samu."

Baba ya dubi bandejin. "Ka yi sa'a. Nawa ɗan bai sami gilashi ba." Ya ja kujera ya zauna. "In na ce ka bar sana'ar nan fa?"

Mai Murya ya ɗago ya dube shi.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba, ina son finafinan nan. Su ne abin da na iya, su suka sa aka san ni. In na bari zan ji ciwo. Amma zan bari."

"Na san daɗinsu," in ji Baba, muryarsa ta yi ƙasa. "Ni na fara kai yayanta gidan kallo, a kafaɗata. In jarumin ya yi duka ni nake fara tafi." Ya miƙe, ya juya wurin Inna. "Baiwar Allah, in ya warke ku turo manyansa."

Inna ta ɗaga hannun nan da ya shanye, da ƙyar, ta kai shi fuskarta tana godiya ga Allah.

Da yamma saƙonsa ya shigo, cike da kuskure, da hannun hagu aka rubuta.

"Likitata, an ce za a turo ni sashenku. Ashe dai zan bi layin. Ki yafe min bakina na da, da hannuna na jiya."

Ta rubuta masa amsa.

"Na yafe. Kai ma ka yafe min, ban saurare ka ba. Amma ka sani, Sarkin surutu, gashin yatsu akwai zafi, kuma ba na tausayi."

Ita ta yi masa gashin. Yatsu uku suka dawo, biyu suka ƙi lanƙwasuwa har abada. Ya bar situdiyo, ya koma karanta tallace-tallace a wani ƙaramin gidan rediyo, yana yabon sabulu da maganin sauro. Abokansa suka ce mace ta gama da shi. Wani lokaci in suna tafiya suka wuce ta gaban gidan kallo, muryar wani sabon mai fassara na tashi daga ciki, sai ta ga tafiyarsa ta ragu, leɓensa na motsi yana gyara wa yaron magana. Ba ta taɓa ce masa komai ba. Takan dai rage tata tafiyar har ya iso ta.

Mai Kemis bai kai ƙara ba, mahaifiyarsa ta hana shi. Amma da Umma ta je ta faɗa wa yayanta, kawun Auta, ƙaryar da ɗansa ya yi, sai aka rabu baram-baram. Ranar ɗaurin aure babu ko mutum ɗaya daga gidan kawu. Umma ta yi ta fara'a da baƙi, tana shiga ɗaki tana share ido tana fitowa.

Aka ɗaura aure da hantsi. Da la'asar, mota na jira a ƙofar gida, Auta ta shiga ɗakin Yaya yi masa sallama. Ta durƙusa a gaban kekensa, kuka ya ƙwace mata.

"Wa zai riƙa motsa maka ƙafafu da safe?"

"Ke dai tashi, kina ɓata kwalliya," in ji shi, nasa idon ma ya cika. "Ki je ki yi dariya a gidanki, da ƙarfi, har maƙwabta su yi ƙorafi. Allah ya ba ku zaman lafiya, Auta."

Baba yana tsaye a bakin ƙofa, angon na bayansa, ya sunkuyar da kai. Baba ya dafa kan 'yarsa, sannan ya kama hannun surukinsa, wanda bai warke duka ba, ya riƙe shi a hankali.

"Ga ta nan. Duk ranar da ranka ya ɓaci, ka zo shago ka zauna har ya wuce. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu sanyin zuciya."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Har ta kai tsakar gida ta ji muryar Baba daga ɗakin, yana tambaya kamar ɗan koyo.

"Gwiwar ake fara lanƙwasawa ko idon sawun?"

"Gwiwar, Baba," in ji Yaya. "A hankali."

Mijinta ya buɗe mata ƙofar mota. Ta shiga tana kuka, ya zauna kusa da ita, suka tafi gidansu.